Kiwon kifin faɗa a sanyin Jos, ba tare da an haɗa shi da kowa ba

Sana'ata yankan gilashi ce, na taga da na shokes da na tebur, amma 'yan shekarun nan akwatin kifi ya shigo cikin aikin da ake kawo mini. Yawancin masu zuwa samari ne daga Unguwar Rogo da Rikkos da Bauchi Road, kuma kifi ɗaya ne ya tafi da hankalinsu: betta, ɗan kifin nan mai baza jela, ja ko shuɗi, da tsawonsa bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba. Sun gani a TikTok ana zuba biyu a kwalba suna yagar juna, sai su zo su ce, "Maigida, a yanka mini ƙarami wanda zai ɗauki biyu." Wannan kam ba na yankawa. Na guda ɗaya nake yi, ko mai katanga a tsakiya, kuma duk wanda ya tsaya ya saurare ni yakan tafi da dalili.

Kifin ɗan ƙasar Tailan ne, wadda ake kira Siyam kafin 1939, kuma akwai shi a maƙwabtanta irin su Kambodiya da Biyetnam. Gidansa gonakin shinkafa ne da fadamu da kududdufai marasa zurfi. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun ce mutanen can sun fi shekara 1000 suna kiwonsa. A ƙarni na 19 faɗan ya yi ƙarfin da sai da sarkin Siyam ya sa masa lasisi da haraji. A 1840 wasu daga cikin kifayen sarki Rama na Uku suka isa hannun wani likita mai suna Theodore Cantor, wanda ya yi rubutu a kansu, sannan a 1910 wani masanin kifi, Charles Tate Regan, ya raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi, Betta splendens. A 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Ke nan ba shirmen yara ba ne a wurinsu, gado ne, kuma ban ga dalilin da zai sa in zauna a Jos in raina gadon wasu ba.

Masu yin abin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce kifin da faɗa aka halicce shi, ba su suka koya masa ba. Sukan ce da wuya a mutu a fagen, domin da zarar ɗaya ya juya baya an gama. Sukan ce kuma ba wanda ke kula da kifi kamar mai shirya shi don faɗa: ruwa mai tsabta, abinci mai rai, hutu. Duk gaskiya ne, sai dai akwai abin da aka tsallake. A fadama, in maza biyu suka haɗu, kowa zai buɗe marfin kumatunsa, ya baza jela, launinsa ya ƙara turuwa, a ɗan yi cije-cije na 'yan mintuna, sai wanda ya ga ba riba ya shige ciyawa ya kama gabansa. Faɗan nasu yana tare da hanyar gudu. Kwalba ita ce ke toshe wannan hanya. Sannan an daɗe ana zaɓar masu taurin kai ana haɗa su aure, har aka samu irin da kan yi awa ɗaya ko fiye suna kama bakin juna, suna yage jela, suna ɓare ɓawon jiki. Wanda bai mutu a fage ba, sau da yawa ciwon da ya ruɓe daga baya ne ke kai shi.

Samarin sukan ce mini, "To ai mu ma muna da dambe." Ɗan dambe da kansa ya miƙa hannu aka naɗe masa zare, ya ji kiɗa jininsa ya hau, ya shiga fage da ƙafarsa. Akwai mai rabawa, in ya dafa ƙasa an gama, kuma in an samu kuɗi aljihunsa za su shiga. Kifin da ke kwalba ba a tambaye shi ba, ba shi da inda zai koma, kuɗin kuma na wanda ke tsaye a waje ne.

Ta fuskar addini maganar ba ta da tsawo. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zuga dabbobi su yi faɗa da juna. Malaman hadisi sun yi magana a kan ƙarfin isnadinsa, amma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim, kuma ya isa ya nuna cewa dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka. In kuɗi ya shiga kuwa, ya zama caca, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe wannan ƙofa. Maƙwabtana Kirista su ma sukan kawo abin da ke Karin Magana 12:10, cewa adali yana kula da ran dabbarsa. Mai cewa kifi ba ya jin zafi kuma, tun 2003 wata mai bincike, Lynne Sneddon, da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotilan suka nuna akwai jijiyoyin jin ciwo a kan kifin da suka gwada, har ya daina cin abinci yana goga bakinsa a tsakuwa bayan an sa masa abu mai raɗaɗi.

To, ga abin da nake gaya wa wanda ya yarda zai ajiye guda ɗaya.

Kada kofin da aka sayar maka da shi a ciki ya ruɗe ka. Kifin yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar haurowa ya shaƙi iska kai tsaye, shi ya sa yake jure ɗan ruwan da wani kifin zai mutu a ciki. Jurewa yake yi, ba daɗi yake ji ba. Ni awon da nake yankawa shi ne tsawo santimita 40, faɗi 25, tsayi 25, da gilashi mai kaurin milimita 5. Wannan yana ɗaukar lita 25, daidai babbar jarka. Ka tabbata silikon ɗin da aka haɗa shi da shi ba irin na banɗaki ba ne mai maganin fumfuna, domin wannan guba ne ga kifi, kuma a bar shi ya bushe sosai kafin a zuba ruwa. Ka sa murfi. Betta yana tsalle, kuma murfin yana riƙe ɗumin iskar da yake haurowa ya shaƙa. Ka bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfi.

Babbar matsalarmu a nan sanyi ce, kuma a nan ne bidiyoyin da ake kallo ba sa taimako, domin masu yin su a ƙasashen zafi suke. Kifin yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 28. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ko a Agusta, in aka jera kwanaki ana ruwa ba rana, ɗaki yakan yi sanyin da bai dace da shi ba. Mutumin Abuja zai iya shafe mafi yawan shekara ba hita, mu ba mu da wannan gata. Kifin da sanyi ya kama za ka gan shi kwance a ƙasa, ya matse jela, ya ƙi abinci, bayan kwana kaɗan kuma fararen ɗigo su feso masa a jiki. Saboda haka ka sayi hitar akwatin kifi mai wat 50, wadda ke kashe kanta in ruwa ya kai zafin da ka saita, da ɗan ma'aunin zafi da ake mannawa a gilashi. Ba hitar dafa ruwan wanka nake nufi ba, Allah ya kiyaye. In kana da sola ko inbata, wat 50 ba zai dame ta ba. In ba ka da su, ka ajiye akwatin a ɗakin da ake kwana, nesa da taga da ƙofa, ka shimfiɗa masa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji a ƙasa da baya da gefe. In an ɗauke wuta da dare, ka lulluɓe shi da bargo, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi daga filas, ka rufe ta da kyau ka sa ta yi iyo a ciki. Kada ka tuttula ruwan zafi kai tsaye. Saurin canjin zafi ya fi sanyin kansa illa, kuma wannan ma wani dalili ne na babban akwati: lita 25 tana daɗewa kafin ta huce, kofi kuwa kafin asuba ya yi ƙanƙara. Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ba, gara ya haƙura da betta tun kuɗinsa na aljihunsa.

Ruwan famfo yana da kulorin, sai ka tara a bokiti ya kwana ya yini a buɗe, ko ka ɗiga maganin da masu sayar da kifi ke da shi. Na rijiya da na burtsatse ba su da wannan, amma da safe sanyinsu ya yi yawa, sai a bar su su ɗauki zafin ɗaki. Duk mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da siririn tiyo daga ƙasa inda kashinsa ke taruwa, ka mayar da sabo mai zafi ɗaya da na ciki. Kada ka juye duka, kada sabulu ko omo ya taɓa akwatin. In za ka sa filta, ka nemi ta soso mai fitar da kumfa a hankali, domin kifin ruwan kwance ne, igiyar ruwa tana gajiyar da shi. Mutanen Tailan suna jefa busasshen ganyen almond a ruwan, bishiyar nan mai faɗin ganye da yara ke fasa ƙwallonta su ci. Ganye ɗaya da ya bushe ya faɗo da kansa, a wanke shi, ya isa. Ruwan zai yi ja-ja, ba datti ba ne.

Abincinsa nama ne. Burodi da gari da shinkafa ba nasa ba ne. Ƙwayoyin abincin betta uku ko huɗu safe da yamma sun wadatar, kuma abin da bai ci ba cikin minti biyu ka kwashe. Da damina ka leƙa tsohuwar taya ko randar da ruwa ya kwanta, ka tace tsutsar sauro ka ɗauraye ka ba shi. Babu abin da ya fi so, kai ma ka rage sauro a gidanku.

Sai abin da ya kawo samarin tun farko, wato ganin jarumta. Ɗan madubi ya wadatar. Ka kara shi a jikin gilashi, nan take zai taso, ya buɗe kumatu, ya baza duk abin da Allah ya ba shi, launinsa ya fito fiye da yadda ka taɓa gani. Duk abin kallon da ke cikin faɗan ga shi nan, ba jini. Amma minti ɗaya ko biyu, sau biyu ko uku a mako, sai ka ɗauke. In ka bar madubin ya wuni, ka mayar da shi fagen da abokin gabarsa ba ya gajiya, zai rame, wani ma har ya riƙa cizon jelarsa. In biyu gare ka, kowa da akwatinsa, ka sa kwali a tsakani, ka zare na ɗan lokaci su ga juna ka mayar. Haka masu kiwonsa don kyau suke yi. Akwai ƙungiyar International Betta Congress da aka kafa a Amurka a 1966, gasarsu ta kyau ce: launi, da lafiyar jiki, da yadda jela ke buɗewa, har akwai irin da tasa ke buɗewa ta kai rabin da'ira, wato digiri 180. A 2016 an yi gwanjon wani mai launin tutar Tailan a intanet a kan baht 53,500, kuɗin Tailan, kuma jelar da aka taɓa yagewa a faɗa ba ta kawo irin wannan kuɗi. In samarin unguwa na son gasa, su jera akwatunansu a yi ta kyau.

Mace ma kada ka bar ta da namiji a akwati ɗaya sai lokacin haihuwa. In ka ga ya tara kumfa a saman ruwa, sheƙa ce ya gina. Shi ke kwashe ƙwai da baki ya kai cikinta, ya yi gadi har su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma da an gama zuba ƙwai zai kori uwar, sai ka cire ta. Amma kafin ka fara, ka tuna 'ya'yan na iya haura ɗari, kuma kowane namiji a cikinsu zai buƙaci wurinsa da ɗuminsa. In sun yi maka yawa ka bayar, kada ka kai su kududdufan kuza na Rayfield ko Bukuru ka zuba.

In kuma an riga an haɗa naka faɗa, ko ka karɓo wanda aka yaga, ka ware shi shi kaɗai a ruwa mai tsabta a digiri 27 ko 28, ka rage haske, ka sa ganyen almond, ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu. Za ka iya narkar da ƙaramin cokali ɗaya na gishirin akwatin kifi a kowace lita 4, amma kada ya wuce kwana 10. Ka ɓoye madubi har sai ya warke. In bakin jelar ya fara fitar da wani siririn fari mai haske, sabuwar tsiro ce, cikin 'yan makonni za ta cike. In kuwa bakin yana baƙi yana zagwanyewa, ko wani abu fari mai gashi-gashi ya fito a kan ciwon, ruɓa ce ta shiga, sai ka ɗauki hotonsa ka kai wa likitan dabbobi ya rubuta maka magani.