Yadda Ake Koyon Kiɗan Buluz Don Saka Wa 'Yan Rawa

Kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka ne, ya taso a kudancin ƙasar, musamman yankin Misisipi, a ƙarshen ƙarni na 19. Mai saka kiɗa a wurin rawar buluz ƙafar 'yan rawa yake yi wa aiki, don haka waƙar da ta yi daɗi a kunne ba lallai ta yi a fili ba.

Fara da koyon ƙirga. Yawancin buluz yana tafiya ne a zagaye mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu 4, wato bugu 48 kafin a dawo farko. Mawaƙi kan faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya ba da amsa a layi na uku. Ka saka waƙa, ka riƙa buga ƙafa kana ƙirgawa har ka fara jin juyin kafin ya zo. Ka sani wasu, irin su John Lee Hooker, ba su damu da cika 12 ɗin ba, sukan ƙara ko su rage. Waƙoƙinsu na rawuwa, amma sabon shiga yakan ruɗe.

Sai auna sauri. Ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4, ka samu yawan bugu a minti ɗaya. A nan ne mutane ke tafka kuskure: a buluz mai sanyi kowane bugu ya kasu gida uku, idan ka bi ƙarar farantin ƙarfen da mai ganga ke bugawa sai ka samu 180 alhali waƙar 60 ce. Bi jitar bas, mai kaurin murya, ita ce ke tafiya da ƙafa. Rubuta lambar a jikin sunan kowace waƙa a kwamfutarka.

Daga nan ka rarraba su gida-gida: na Misisipi, mutum ɗaya da jitarsa, na Shikago mai jitar lantarki da harmonika (ƙaramin abin busawa da baki), irin na Muddy Waters da Howlin' Wolf da kamfanin faifai na Chess ya yi ta fitarwa a shekarun 1950, na T-Bone Walker da B.B. King mai ƙaho da santsi. Sai matan shekarun 1920 kamar Bessie Smith. Wanda ya saba da jitar Agadas ta su Bombino kunnensa zai kama wani abu a nan, amma bugun daban ne, kada ka zuba su a gida ɗaya.

Tsofaffin faifai suna da ƙura a murya, kuma ba su da ƙarfi. Gwada su a lasifikar ɗakin kafin mutane su zo, ka daidaita ƙarar kowace, in ba haka ba sabuwar waƙa za ta fashe wa mutane a kunne bayan tsohuwa.

A filin, kada ka haɗa bakin waƙa da waƙa kamar a kulob. Bari ta ƙare, ka ba da daƙiƙa 4 ko 5 a yi godiya a canza abokin rawa. Zaɓi masu minti 3 zuwa 4. Waƙar dandali mai minti 9 ta jita zalla azaba ce ga wanda bai ji daɗin abokin rawarsa ba. Kada ka jera masu sanyi fiye da uku, ɗakin zai yi barci. Idan ka ga ana komawa kujeru ko ana tururuwa wurin ruwan sha, canza salo, ka ɗan ɗaga sauri zuwa wajen 90 ko 100.