Darasi na Tara: Yi wa Bango Ado da Allunan Kankare

A wajen yawancin maginanmu, kankare abu ne da ake ɓoyewa: a zuba shi, a shafe shi da filasta, sannan a rufe da fenti. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu masu zanen gine-gine a Turai suka ga babu dalilin ɓoye shi, suka riƙa barin sa yadda ya fito daga katakon da aka zuba shi a ciki. Faransawa suna kiran wannan "béton brut", wato ɗanyen kankare, kuma daga nan ne sunan salon, burutalizim, ya yaɗu. Fitaccen misalinsa shi ne dogon gidan da mai zanen gine-gine Le Corbusier ya kammala a birnin Marseille na Faransa a 1952, inda har yau ake ganin sawun kowane falle na katako a jikin ginshiƙansa. A unguwar Barbican ta Landan kuwa, ma'aikata ne suka bi bango suna sassaƙe fuskarsa har tsakuwar ciki ta bayyana.

Ba sai mutum ya rushe gidansa ba kafin ya sami irin wannan kama. Ana iya zuba alluna na kankare a ƙasa, idan sun yi ƙwari a manna su a jikin bangon da yake tsaye. Duk wanda ya taɓa kallon zanen bango na tsofaffin gidajen Zariya da hantsi ya riga ya san sirrin aikin, domin inuwar da tudu da kwari suke jefawa ita ce adon, launi na biye ne.

Aikin yana farawa daga akwatin zubi, kuma a nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci, domin kankare ba ya ƙarya: duk abin da ke cikin akwatin, har kan ƙusa da tsagar katako, sai ya fito a fuskar allon. A sa kafinta ya haɗa akwati mai faɗin santimita 50 da tsawon santimita 50, zurfinsa santimita 3. Idan ana son sawun itace, a shimfiɗa katakon da ba a goge ba a ƙasan akwatin. Idan kuma layuka ake so, a kafa siraran sanduna a jere, amma a fere gefensu ya ɗan karkata, domin sanda mai miƙaƙƙen gefe takan riƙe kankaren, a zo cirewa baki ya gutsure. A ganina layukan tsaye sun fi dacewa da mu, saboda ruwan sama yana bin su ya sauka, alhali na kwance suna tara ƙurar hunturu, damina ta zo ta mayar da ita zanen datti. Kafin zubi a shafa wa akwatin ɗan mai mai tsabta. Baƙin man mota da wasu ke amfani da shi yana barin tabon da ba ya fita.

A gauraya kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai kaifi, biyu na ƙananan tsakuwa da ba su wuce santimita ɗaya ba, da ruwa daidai yadda zai haɗu ba tare da ya tsinke ba. A zuba rabi, a ɗora ragar waya a tsakiya yadda ba za ta taɓa fuska ko gefe ba, domin ƙarfen da ya leƙo zai yi tsatsa ya zubo da jan tabo, sannan a cika. Daga nan a riƙa bubbuga gefen akwatin da guduma a hankali har kumfar iska ta daina tasowa. A sa safar hannu, domin siminti yana cin fata.

Bayan kwana biyu a buɗe akwatin, a jera allunan a inuwa, a rufe su da jiƙaƙƙen buhu, a yi ta ba su ruwa aƙalla kwana 7, musamman lokacin hunturu da iska ke shanye danshi. Kankare ba ya kai ƙarfin da ake lissafa masa sai ya cika kwana 28, don haka kada a yi gaggawar kafawa.

Sai batun nauyi. Allo ɗaya mai wannan girma yana kai kimanin kilo 18, huɗu ne kuma suke rufe murabba'in mita ɗaya, wato kilo 72. Bangon ƙasa ba zai ɗauki wannan ba, sai na bulon siminti mai tushe mai kyau. Layin ƙasa yana iya zama a kan kwaɓin siminti, amma duk abin da ya wuce tsayin mutum dole a ɗaure shi da ƙarfe da noti a cikin bango, kuma a bar tazarar santimita ɗaya tsakanin allo da allo saboda kankare yana motsi da zafin rana.

Aikin gida: bango mai tsawon mita 3 da tsayin mita 2, alluna nawa zai ci, kuma kilo nawa za a ɗora masa?