Kurakuran masu sayen jitar lantarki mai araha a Kebbi da hanyoyin gyara su

Yawancin masu kaɗa jitar lantarki a Jihar Kebbi ba su ɗauke ta sana'a ba. Akwai matasan ƙungiyoyin waƙa na majami'u a Zuru da Yawuri, akwai ɗalibai a Birnin Kebbi da Aliero, akwai kuma waɗanda kiɗan Buzayen Agadas ya shiga ransu har suka ƙudurta koya. Duk waɗannan jita mai araha ta ishe su, domin masana'antun Sin da Indunusiya suna yanka katako da injuna masu aiki da kwamfuta, abin da ya sa ƙirar jitoci masu araha ta inganta ƙwarai. Galibin ƙorafin da ake ji daga wajen saye, saiti da ajiya yake tasowa.

Kuskuren farko shi ne sayen suna. Mutum ya ga an rubuta Gibson ko Fender a kan jita, an kuma yi masa farashin da bai kai na wayar hannu matsakaiciya ba, sai ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali jabu aka miƙa masa. Kamfanonin nan biyu suna da nasu layin na masu ƙaramin ƙarfi: Fender na sayar da jitoci da sunan Squier tun 1982, Gibson kuma ta mallaki Epiphone tun 1957. Haka Yamaha ke da Pacifica, Ibanez ke da GIO. Squier ta gaskiya ta fi Fender ta jabu nesa ba kusa ba, tunda akwai kamfanin da ya duba ta kafin ta fita. Wanda zai yi saƙo daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas ya nemi hoton lambar da ke bayan kan jitar, da bidiyon da aka kaɗa kowace tsirkiya daga sama har ƙasan wuya, kafin ya tura ko sisi.

Daga nan sai a ƙarar da kuɗi kaf a kan jitar, a manta da amfilifaya, a koma jona ta da lasifikar sauraron waƙa ta ɗaki. Sautin zai fito siriri, ba armashi, sai a ɗora wa jitar laifi. Ƙaramar amfilifaya ta jita mai wat 10 zuwa 20 ta wadatar da mai koyo a ɗaki, musamman idan tana da wurin soka abin sauraro na kunne don kada a dami maƙwabta. Amma a duba bayanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, yawancin na gwanjo da suka fito daga Amurka kuwa an yi su ne don bolt 120, kuma sokawa ɗaya ba tare da taransifoma ba ta isa ta ƙone su. Mai amfani da janareto ya sa sitabilaiza a tsakani.

Kuskuren da ya fi kowanne korar masu koyo shi ne kaɗa jita yadda ta fito daga kwali. Abin da kamfani ke ragewa don ya sauko da farashi shi ne aikin hannu na ƙarshe, saboda haka sau da yawa tsirkiyoyi kan zo sun yi nisa da wuya, yatsu su yi ta ciwo, mai koyo ya yanke cewa ba shi da baiwa. A auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen gicce na 12 (ƙarafunan da aka jera a kan wuyan jita, ana ƙirga su daga wajen kai): kimanin milimita 2 a tsirkiya mafi kauri, ƙasa da haka kaɗan a mafi siranta. Idan ta zarce sosai, a fara duba wuyan. A danne tsirkiya mai kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe lokaci guda, a leƙa tsakiya. Ya kamata a ga ɗan rata wanda bai wuce kaurin katin gayyata ba. Ratan da ya fi haka alama ce ta wuya ya lanƙwashe, kuma akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake juyawa da alanki. Kwatan juyi kawai ake yi, a sake ɗaure tsirkiyoyi, a jira, a sake aunawa. Idan sandar ta cije, a bar ta, domin wanda ya sa ƙarfi ya karya ta ya jawo gyaran da ya fi kuɗin jitar. Sai wuya ya daidaita ake sauke jakin da tsirkiyoyi ke hawa.

Akwai wani saitin da mutane da dama ba su ma san da shi ba. A ɗaure tsirkiya daidai da manhajar saita sauti ta waya, sannan a danne ta a ƙarfe na 12. Dole manhajar ta nuna harafin sautin da ta nuna kafin a danne tsirkiyar, ba tare da karkata ba. Idan sautin ya haura, a ja ɗan jakin wannan tsirkiya baya da sukudireba, idan ya gaza a matso da shi gaba. Rashin wannan ne ke sa jita ta yi daɗi a kusa da kai, ta rikice a ƙasan wuya.

Yanayinmu ma yana da nasa rabon. Katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Kebbi kuwa busar da komai yake yi. Katakon wuya ya tsuke, bakunan ƙarafunan gicce su fito suna kartar hannu, mai jita ya ce an cuce shi, alhali jitar miliyoyi ma haka za ta yi. Masu molo da garaya sun daɗe da sanin cewa fata da itace suna bin yanayi. Maganin shi ne ajiya cikin jaka ko akwati, tare da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji, ta yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Bakunan da suka riga suka fito kuma a goge su a hankali da ƙaramin zarto mai laushi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a bar jita a but ɗin mota ko a jingine ta inda rana ke duka. Da damina katako kan kumbura, tsirkiyoyi su yi tsatsa, don haka a riƙa goge su da tsumma busasshe bayan kowane kiɗa, a kuma sake duba wuyan sau biyu a shekara.

Game da ƙugin da ke fita daga lasifika, ba kullum ne lalacewa ba. Maganaɗisun ɗaukar sauti mai naɗin waya ɗaya, irin na samfurin Stratocaster, yana jawo ƙugin wutar lantarki bisa ɗabi'arsa, kuma a yawancinsu matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓen maganaɗisu da ke jikin jitar suna kashe shi. Wanda abin ke damu ya zaɓi mai naɗi biyu tun farko. Ƙarar da ke zuwa idan an motsa waya kuwa yawanci ramin soka wayar ne ya saki, aikin da mai gyaran rediyo zai gama da ɗan dalma. Abin da ba a wasa da shi shi ne jin wuta ta ja hannu a tsirkiya: a cire amfilifaya daga soket nan take, kada a sake kunna ta sai mai aikin wuta ya duba ta, ya duba wayar ƙasa ta gidan.

Ni a ganina, mai koyo ya guji jita mai araha da aka ɗora wa jaki mai lilo na kulle-kulle irin na Floyd Rose, saboda ƙarfensa mai taushi ne kuma canjin tsirkiya ɗaya kan rikita sauran biyar. Kada kuma a yi gaggawar sauya maganaɗisu da kunnuwan ɗauri, har kuɗin kayan ya zarce na jitar. Sababbin tsirkiyoyi masu lambar kauri 9 zuwa 42, waɗanda ba su da tauri a yatsa, sun fi saurin gyara sautin jita, kuma tunda sau da yawa sai an yi saƙonsu daga nesa, a sayi saiti biyu ko uku a lokaci guda.