Yadda na gyara: na daina sanin abin da nake so

Matsalar ita ce, in aka tambaye ni abin da nake so, sai in rasa amsa. Daga aiki sai waya sai barci. Lafiyata ƙalau, amma ji nake kamar rayuwar wani nake yi.

Na ɗauki hutu a gida, ya ƙare a latsa waya. Na yi tafiya da abokai, ba ta canza komai ba, domin a gabansu mutumin da suka saba da shi nake ci gaba da zama.

Ga abin da ya yi aiki. Na zaɓi garin da ban san kowa ba, na tafi ni kaɗai. Kafin in tashi na sauke taswirar garin a Google Maps don ta buɗe ba tare da intanet ba, na kuma gaya wa mutum ɗaya masaukina da ranar dawowata. Da isata na sa wayar a yanayin jirgin sama, wato ba kira ba intanet. GPS, wato abin da ke nuna inda mutum yake a taswira, yana aiki ko a haka, saboda haka ban ji tsoron ɓata ba. Na yi ta yawo a ƙafa, ban tsara wuraren zuwa ba. Duk abin da ya tsayar da ni sai in rubuta shi a ɗan littafi, layi ɗaya, ba sharhi. Wannan matakin ne ya fi muhimmanci.

Da dare na karanta: ƙofa mai tsatsa, inuwar gada a kan ruwa, tsagar bango. Duk siffa ce da haske. A gefen shafin ma har na zana ƙofar. Rabona da zane tun ina makaranta!

Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Na sayi fensir, na ware safiyar Asabar don zane.