Yadda za ka shirya zuwa kallon giwaye a Mole daga Kumasi

Jama'a masu tambaya ta yaya ake zuwa Mole, ga yadda ake yi. Mole dai shi ne gandun daji mafi girma a Gana, yana yankin Savannah kusa da Damongo, tun 1971 aka mai da shi gandun daji na ƙasa.

Farko ka zaɓi lokaci, don duk sauran shirin a kansa yake. Ka je da rani, tsakanin Disamba da Afrilu. Lokacin ciyawa ta bushe, ruwa ya janye a cikin daji, dole giwaye su sauko tafkunan da ke ƙasan Mole Motel su sha su yi wanka, kai kana zaune a kan tudu kana kallon su. Da damina kuwa ciyawa ta fi tsawonka, ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa inda kake. Ni na fi son Janairu lokacin hunturu, Maris da Afrilu zafin wurin wallahi ba wasa ba ne.

Sai hanya. Daga Kumasi ka shiga motar Tamale a tashar Krofrom, za ku bi Techiman, Kintampo, ku haye gadar Buipe, sai mahaɗar Fufulso inda hanyar Damongo ta rabu ta yi hagu. Za ka iya sauka nan ka jira motar Damongo ko ta Wa, amma in dare ya yi maka gara ka wuce Tamale ka kwana ka kama ta safe. Titin yanzu kwalta ne har Larabanga, daga nan zuwa ƙofar gandun ba nisa, masu babur na nan. 'Yan Accra masu hali su hau jirgi zuwa Tamale, kamar awa ɗaya ne, sai su ɗauki shatar mota. In kun kai ku biyar ko shida ku haɗa kuɗi ku yi shata tun daga gida, ya fi kwanciyar hankali.

Wurin kwana ka kira ka kama ɗaki tun kafin ka taso, musamman wajen Kirsimeti da 'yan yawon buɗe ido ke cika wurin. Mole Motel na masu matsakaicin aljihu ne, Zaina Lodge kuma na manya, in duk sun fi ƙarfinka akwai masauki mai sauƙi a Larabanga. Amma don Allah kar ka ce za ka je ka dawo rana ɗaya, asarar kuɗin mota ce kawai, aƙalla kwana biyu.

Dalili kuwa, fitar safe ita ce Mole. Wajen ƙarfe 7 ake fita, akwai wata kuma da la'asar, ko a ƙafa ko a kan jif, kuma kowacce sai da ma'aikacin gandu mai bindiga. Ka fara da ta ƙafa. A mota za ka yi nisa ka ga gwanki ko ɓauna in ka yi sa'a, amma tsayawa da ƙafarka giwa na gabanka tana karya reshe wani abu ne daban. In ma'aikacin ya ce tsaya ka tsaya, in ya ce ja baya kar ka ce bari in ƙara hoto ɗaya. Zaki kam kar ka sa rai, mugun dawa dai har bakin ɗakinka zai zo kiwo.

Kayan da za ka riƙe: takalmi rufaffe, ba a shiga daji da silifa, dogon wando, hula, ruwa da yawa, maganin sauro. Ka guji baƙaƙen kaya da shuɗi saboda ƙudan tsando na bin su. Ka taho da Ghana Card ɗinka don kuɗin shigar ɗan ƙasa bai kai na baƙo ba, ka kuma riƙe tsabar kuɗi, kar ka dogara da MoMo kaɗai, netwok na iya ɗaukewa. Birai kuma ɓarayi ne na gaske, ka bar ƙofa a buɗe ko burodi a hannun yaro ka ga aiki.

Ranar dawowa ka tsaya Larabanga ka ga tsohon masallacin ƙasan nan da ake cewa tun 1421 aka gina shi, ka gaida dattawan wurin kafin ka fara ɗaukar hoto, kuma ka taso da wuri in kana so ka riski motar Kumasi a Fufulso da rana.