Yadda Ake Haɗa Gwajin Ɗalibai a Google Forms Ba Tare da Maki Ya Rikice Ba

Malam, in dai kana da Gmail, ba za ka kashe ko sisi ba sai kuɗin data. Buɗe forms.google.com a burauzar wayarka, ka ɗauki sabon fom. Kafin ka rubuta komai, shiga saiti ka kunna inda aka rubuta "Make this a quiz". Sai ka kunna shi ne wurin sa amsa da maki zai bayyana a ƙasan kowace tambaya.

Suna, aji da lambar ɗalibi su zo farko, ka sa su zama dole, kuma ka ware musu sashe nasu. In ba haka ba, ranar da ka kunna cakuɗa tambayoyi, sai suna ya faɗa tsakiyar gwaji.

Inda malamai suka fi yin tuntuɓe shi ne tambayar da yaro zai rubuta amsarta da kansa. Na'ura ba ta san ma'ana ba, harafi da harafi take bi. Ka sa "ƙasa" a matsayin amsa, yaro ya rubuta "kasa" domin wayar babarsa ba ta da ƙ mai lanƙwasa, shi ke nan ya faɗi, alhali ya san abin. Haka "ɗaya" da "daya", haka 12 da "sha biyu". Don haka ka jera duk siffofin da amsar za ta iya zuwa da su, mai lanƙwasa da maras lanƙwasa, lamba da kalma. Kada kuma ka zaɓi a ɗauki sauran amsoshi a matsayin kuskure. Bar su ka duba da idonka. Ni dai shawarata, a tambaya 20, kada irin wannan ta wuce 2. Sauran duk su zama na zaɓi.

Sai batun taƙaita amsa sau ɗaya ga kowa. Wannan na tilasta wa ɗalibi shiga da asusun Google, kuma a unguwanninmu irin su Gwale da Kurna, sau da yawa wa da ƙane waya ɗaya suke aro a gida. Na farko ya amsa, na biyu ya tarar an rufe masa. Bar shi a kashe, lambar ɗalibi za ta tona wanda ya yi sau biyu.

Ka kuma kashe nuna amsoshin daidai bayan an gama. Yaro ɗaya ya isa ya ɗauki hotonsu ya watsa a gurup ɗin aji. Hotuna a cikin tambaya ma a rage, data suke ci.

Gwada da wata wayar tukuna, sannan ka tura mahaɗin amsawa a WhatsApp, ba na gyara ba. Lokaci na cika ka rufe karɓar amsa, ka kwashe makin zuwa Google Sheets, wato manhajar jadawali ta Google.