Darasi na 9: Shayin safe da yunwar hantsi

Da sassafe a Garwa, a arewacin Kamaru, tun gari bai gama wayewa ba, mai shayi ya kafa teburinsa a bakin titi. Buta na tafasa, dogayen burodi na jingine a kwando, kwalin sukari a buɗe. Ɗan acaba ya zauna a benci, a jefa masa ƙwaya huɗu a kofi, ya tsoma burodi ya cinye, ya hau babur ya tafi nema. Kafin ƙarfe goma cikinsa ya fara ƙugi. Jiki ya yi lakwas, rai na saurin ɓaci, sai neman fanke ko lemon kwalba. To, ai ya karya kumallo. Daga ina wannan yunwa ta fito?

A jikin mutum akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira homon. Ku ɗauke su kamar 'yan aike. Wata gaɓa ce ke sakin su cikin jini, su kai saƙo ga wata gaɓar: ci, dakata, yi barci, tashi. Jinin al'ada, girman yaro da zuwan ruwan nono duk da hannunsu a ciki.

Wanda ya fi shafar darasinmu shi ne insulin. An gano shi a 1921 a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Idan muka ci abinci, hanji yakan mayar da tuwo, shinkafa da burodi su zama sukari a cikin jini. Insulin ne ke buɗe wa sukarin nan ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Farin burodi da shayi mai zaƙi ba sa ɓata lokaci a ciki. Sukarinsu na kwarara cikin jini a lokaci guda, kamar ruwan sama ya sauka a kan fako. Jiki ya saki insulin da yawa don ya kwashe shi, sukarin ya sauka da sauri, yunwa ta dawo. Idan aka shekara da shekaru a haka, ga ƙiba ga rashin motsa jiki, tsoka takan fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Hanyar ciwon sukari ke nan.

Bari mu yi lissafi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kai kimanin giram 5. Wanda ke shan shayi kofi 4 a rana, kowane kofi da ƙwaya 3, ya sha ƙwaya 12. Idan aka ninka 12 sau 5, an sami giram 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma in ya tsaya a 25 ya fi. Lemon kwalba ƙarami ɗaya kan ɗauki kusan ƙwaya 7. Ba mu ma lissafa zoɓo da kunun da aka zuba wa sukari da ludayi ba.

Ranar da na yi wannan lissafi a allo, wata dattijuwa a sahun gaba ta ajiye fensirinta ta ce, "Malam, yanzu har tuwon ma hana mu za ka yi?"

Na ce, "A'a, Inna. Tuwonki na nan. Shayin kawai za mu fara taɓawa."

Kuma gaskiya na faɗa mata. Tsarin cin abincin da zan ba ku shawara a kai yawancinsa tsohon abincin gida ne. Dawa, gero da masakwar da ake nomawa da rani a karkarar Marwa sun fi farin fulawa daɗewa a ciki, musamman idan ba a surfe su har sun yi fari tas ba. Dusar nan da muke ba awaki tana rage saurin shigar sukari cikin jini. Wake ma haka, ga shi yana gina jiki. Ga gyaɗa, ƙwai, nono marar sukari, ga kifin madatsar ruwan Lagdo ko na kogin Logon, ɗanye ko banda. Ganye kuwa Allah ya hore mana: zogale, tafasa, yakuwa, rama, kuka, kuɓewa. Abin da ya kamata a sauya shi ne rabon kwano. Mun saba malmala uku da miya 'yar kaɗan a gefe. A rage malmala ɗaya, a cika miya, a sa mata wake ko kifi.

Kada a sauya komai da komai rana ɗaya. Wanda ya yi haka, kwana uku ya koma gidan jiya. A makon farko a rage ƙwaya ɗaya daga kowane kofi, shi ke nan. Ni da na fara, shayin ya yi mini salam kamar ruwan wanke buta, har maiɗakina ta riƙa yi mini dariya. Bayan 'yan makonni harshe ya saba, yanzu na da ɗin ne ke gundurata. A mako na biyu a gyara karin kumallo: ɗumamen tuwo da miya, ko ƙosai da koko marar sukari, ko burodin amma da ƙwai ko dafaffen wake.

Sai maganar natsuwa. Idan ciki ya zama wayam, yakan saki wani ɗan aike mai suna girelin, ya je ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa. Saƙon ƙoshi kuwa ba ya sauri, yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa. Mai cin abinci a tsaye, loma na korar loma, zai wuce ƙoshi bai sani ba. Mu da muke haɗa hannu a kwano ɗaya mun san yadda ake rige-rige, musamman yara. A zauna, a yi bisimilla, a tauna sosai, a ɗan dakata tsakanin loma da loma. Hadisi ma ya koya mana a kasa ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Ƙarancin barci na ƙara yunwa, damuwa kuma na sa wasu kwaɗayin zaƙi da soye-soye. Kafin hannu ya kai ga abinci, mutum ya tambayi kansa: yunwa ce, ƙishirwa ce, ko ɓacin rai?

Gishiri a taƙaice: a sayi wanda aka sa wa sinadarin aidin, a rufe shi a gwangwani nesa da murhu. Rashin aidin na kawo maƙoƙo. Amma kada ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne.

A kasuwa da cikin waya za ku ji masu tallar gari ko shayin da wai ke "daidaita homon" cikin kwana bakwai. Ku riƙe kuɗinku. Macen da al'adarta ta rikice, ko ta ga gashi na fito mata a haɓa, da wanda wuyansa ya kumbura, da mai yawan fitsari da ƙishirwa da rama, asibiti za su je a auna su. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su rage abinci da kansu. Mai shan maganin ciwon sukari ko yin allurar insulin ya fara shawara da likita, domin rage abinci ba tare da gyara magani ba na iya sa sukarinsa ya faɗi har ya suma.

Aikin gida: ku kwafi kalmomin nan sau uku-uku: homon, insulin, dusa, ƙoshi, natsuwa. Sannan ku ja layi bakwai a littafinku, daga Litinin zuwa Lahadi. Kowace rana ku rubuta yawan ƙwayar sukarin da kuka sha, da lokacin da yunwa ta fara kama ku. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, mu ninka sau 5 tare.